Shekarar da Muka Kulle Iri a Baƙar Mota

Ku 'ya'yana, na san abin da kuka taso kuna ji a garin nan game da ni da yayana Sale: wai ni na kawo maƙera suka sassare masa mota saboda baƙin ciki. Kun ji a bakin 'ya'yansa, kun ji a wajen biki, ɗayanku ma ya taɓa tambayata yana kallon ƙasa. Ban ba shi amsa ba, domin waɗanda maganar ta shafa suna raye a lokacin. Yanzu Inna ta rasu, Yaya ya rasu, ni ma gwiwoyina sun daina kai ni gona. Zan faɗa muku yadda aka yi daki-daki, abin da ya fara faruwa shi zan fara faɗa. Wanda ya gama karantawa ya miƙa wa na ƙasa da shi.

Abu na farko shi ne irin gero. A gidanmu akwai geron da muke kira gajere, wanda Baba ya gada a wajen mahaifinsa. Karansa bai kai na mutane tsayi ba, zangarniyarsa ma ba abin nunawa ba ce, amma yana riga kowane gero nuna. A shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, na mutane yana bununi, wato fure, namu ya riga ya yi ido. Kun san ƙasarmu. Gona tana jikin gona, babu daji, babu saura, iyakar kowa layin gamba ne ko na lalle. Mutum ba shi da inda zai ƙara faɗi, sai dai ya ƙara taki, ya kuma riƙe iri mai kyau. Kowace kaka Baba yakan shiga gona kafin a fara yanka, ya zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika, ya ɗaure su daban, ya rataye a ƙaramin rumbu. Da ya rasu aikin ya dawo kaina, domin Yaya yana birni, gandu kuma ɗaya ne, ba a raba ba.

Abu na biyu shi ne Yaya da motocinsa. Ya girme ni sosai. Tun yana matashi ya bar fartanya ya tafi Kano, ya zama direban wani attajirin gyaɗa mai doguwar baƙar mota ƙirar Amurka. A cikinta ya yi samartakarsa. Daga baya ya samu babbar motar kansa yana ɗaukar hatsi zuwa kasuwannin birni, shekarun arziki suka same shi a kan hanya, ya yi Hajji, ya yi mana rufin kwano. A wannan lokacin tsofaffin attajirai suna ta mutuwa, magada kuma ba sa son dogayen motocin iyayensu, sun ce shan mai gare su, kayan gyaransu ba sa samuwa. Sai a tura su gindin bishiya a bayan gida a manta. Yaya ya shiga bin irin waɗannan gidaje. Na taɓa raka shi, kuma na ga yadda yake saye. Ba ya fara buɗe inji kamar kowa. Ƙofa yake buɗewa ya rufe, ya karkata kai ya saurari ƙararta. Sannan ya shiga kujerar baya ya zauna, ya shafa fatar, ya shaƙi iskar ciki. Sannan ya tambayi wane ne direbanta, yana raye ko ya mutu. Sai bayan duk wannan a yi maganar ciniki, kuma ban taɓa jin ya taya ƙasa da abin da aka yi masa suna ba, har masu sayarwa su riƙa kallon juna.

Ta farko da ya kawo ita ce ta ubangidansa, wadda ya tuƙa da hannunsa. Muna ce mata Baƙa. Da ƙafarta ta zo, gari ya fito kallo, tsawonta ya kusa na zaurenmu. Bayanta ya kawo Fara, sai wata koriya mai fiffike biyu a baya, waɗannan da sarƙa aka jawo su, da aka iso yashin bakin gari kuma sai da aka ɗaura shanun huɗa. Ta ƙarshe ko inji ba ta da shi, kaji suka mayar da ita akurki. Duka ya jera su a filin bayan gida, inda Inna take shuka kuɓewa da rama, wurin da ya fi ko'ina taki saboda nan toka da shara suke zuwa. Duk Juma'ar da ya zo gida sai ya wanke su ɗaya bayan ɗaya, ya tayar da Baƙa ta yi ɗan gurnani, ya kashe. Da batir ya mutu, gurnanin ma ya daina, wankin ne bai daina ba. Ba na so ku ɗauke shi wawa. Mutum ne da bai taɓa hana ɗan'uwa abu ba. Abin da ya gani a jikin motocin nan ne ni ban gani ba, har yau kuma ban gani ba.

Yaya ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Ta kaina maganarsu take bi, ko da muna zaune a tabarma ɗaya. Takan ce da ni:

"Haruna, tambayi mutumin naka, baƙin nan nasa yaushe za su yi sallama? Ina son wurin kuɓewata."

Shi kuma ya dube ni ya ce:

"Ka gaya mata ba su taɓa ci mata tuwo ba."

"Ka ce masa sun ci miyar."

Haka ake yi a yi dariya a tashi.

Abu na uku shi ne shekarar. Damina ta zo ta tsaya a rabi. Bayanta kaya suka yi tsada, sabulu da madara sai an bi layi, taya ta gagari masu manyan motoci. Ta Yaya ta tsaya a tasha har ya gaji ya rabu da ita, ya kwaso iyalinsa ya dawo gida da zama. Dogayen motocin kuwa ko ya so sayarwa babu mai saye. Mu gajere ya rufa mana asiri, mun samu abin da za a lallaɓa, na kuma cire iri kamar yadda Baba yake yi. Amma yunwa ta shiga gari, sata ta biyo ta. Ɓarayi suka koyi huda rumbu ta ƙasa, mutum ya wayi gari ya ga rumbunsa a tsaye da hularsa, ciki babu komai. An yi wa maƙwabtanmu na gabas, an yi wa na kudu. Gidaje da yawa kuma ba ɓarawo ne ya ci irinsu ba, su suka daka suka ba yara.

Muka zauna mu uku a kan inda za a ɓoye iri. Na ce ɗakin Inna. Inna ta ce ɗakinta akwai ɓera da gara, kuma ita ta san halinta, idan mace ta shigo da yaro yana kuka ba za ta iya kallon dami a rataye ta ce babu ba. Na ce a haƙa rami, aka ce danshi. Sai Yaya ya tashi ya ce mu biyo shi. Ya kai mu bayan Baƙa, ya sa makulli ya buɗe but ɗinta, wato ma'ajiyar kaya ta baya. Faɗinsa mutum biyu za su kwanta. Ya nuna mana kaurin ƙarfen, ya nuna mana robar da ta zagaye bakin murfin, ya rufe muka ji yadda ya kama.

"Ɓera ba ya shiga, gara ba ta shiga, ruwa ba ya shiga," in ji shi. "Ɓarawo kuwa sai ya zo da maƙeri."

Na duba ciki da waje ban ga aibi ba. Inna ta sa hannu ta shafa, ta ce da ni in gaya masa yau baƙin nasa sun biya kuɗin masauki. Ina so ku riƙe wannan: mu uku muka yarda, babu wanda aka tilasta. Mun san ɓera, mun san gara, mun san ɗan Adam. Zafin rana ne babu wanda ya tuna da shi, domin kakanninmu a rumbun kara da ƙasa suka ajiye iri, babu wanda ya taɓa samun akwatin ƙarfe balle ya bar mana gargaɗi a kansa. Muka jera dammunan iri a ciki, Yaya ya kulle, ya rataya makullin a wuyansa.

Bazara ta zo da zafin da ya fi na kullum. Da tsakar rana jikin Baƙa ba ya taɓuwa. Lokaci-lokaci mukan buɗe da safe mu duba, mu tarar da zangarniyoyi tsaf, ko ƙwaro ɗaya babu. Muka ɗauki wannan a kan alheri. Yaya har yakan ce da ni in duba da kyau, wannan aikin mutanen da suka san ƙarfe ne. A watannin nan na ga ya dawo da walwalarsa, domin tun da ya dawo gida hannu biyu yake jin kansa kamar baƙo a gandu, yanzu kuma ga shi shi ne mai gadin abin da ya fi komai daraja a gidan.

Ruwan shuka ya sauka. Muka fito da iri, mata suka sussuka, muka fita gaba ɗaya muka shuke gandu, ban rage ko tafi ɗaya ba, domin bayan shekara irin wadda ta wuce ba na son a bar rami babu ƙwaya. Kwanaki suka wuce. Gonakin maƙwabta suka yi layi-layi kore, tamu tana nan ja kamar ba a taka ta ba. Na ce ko nisan rami ne. Na ƙara jira. Sannan na bi layi ina tonawa da yatsa, kowane rami ƙwayoyin sun kumbura sun ruɓe, babu wadda ta fasa. Da na koma gida na faɗa, uwarku ta ce tun ranar sussuka ta ji wani abu ta ƙi faɗa don kada a ce ta yi baki.

"Malam, ƙamshin tumu yake yi."

Tumu kun san shi, zangarniyar da aka gasa a wuta. Na karɓi makulli a wajen Yaya, na jira rana ta take, na buɗe but na zura hannu. Ban iya barinsa a ciki ba. Watanni muna gasa irinmu a hankali, muna buɗewa muna yaba tsabtarsa. Yaya yana tsaye a bayana. Shi ma ya zura hannu, ya fi ni daɗewa, ya fitar, ya tafi zaure ya zauna. Bai ci abinci ba ranar nan.

Gajeren da muke ci ya riga ya ƙare tun bazara, saboda haka washegari na tafi unguwar Maguzawa wajen Nomau, tsohon abokin Baba, wanda rumbunansa ba sa ƙarewa. Na gaya masa irinmu ya lalace, ban faɗi dalili ba. Ya auno mini nasa, dogon gero mai son ruwa, ya ce in na girbe na mayar. Na tuna Baba ya taɓa ba shi gajere, na tambaye shi ko da saura.

"Na cinye shi bara, ɗan Musa," in ji shi. "Da daɗi kuwa. Ku da kuke da motoci huɗu, ku aika Amurka mana a kawo muku."

Na bi duk gidajen da na san an taɓa ba su, har garin Zakirai. Wasu sun ci, wasu sun bar shi tuntuni. Na dawo muka sake shuka da irin Nomau, a makare. A raina na riga na yi wa gajere ta'aziyya.

Uwarku ce ta gani. Ta je shanya a kan Baƙa, sai ta ga wasu ganyaye suna leƙowa daga ƙarƙashinta. Ta kira ni na kwanta a ƙasa na duba. Gyauro ne, wato geron da ya fito da kansa. Ranar da muka jera dammunan, ƙwayoyi sun zube, iska ta tura su ƙarƙashin motar. Tayoyin sun daɗe da sacewa, motar ta nutse a yashi har kaji ba sa iya shiga, inuwa ta kare ƙwayoyin daga rana, ruwa ya gangara ya same su. Babu wani gero da aka taɓa kaiwa filin nan, kuma gindin ganyen yana da ja-ja irin na gajere. Sai dai sun yi fari sun yi laushi, kawunansu suna tokare da cikin motar. Idan aka bar su a haka, ba za su kai mako biyu ba.

Na bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya. Ta farko dashe. Na gwada da waɗanda ke baki-baki, kafin la'asar sun kwanta, ga shi ruwa ya yi tsaiko, na ciki kuma hannu ba ya kai musu ba tare da an tsinke saiwa ba. Ta biyu a ja motar da shanu. Ƙafafunta sun cije, cikinta zai share ƙasa ya tafi da komai. Ta uku a ɗaga ta. Na tara maza da itatuwa na ce gyara za a yi, ko motsi ba ta yi ba, ƙafar wani ma ta taka min biyu. Na kawo bakanike ya duba ko za a kwance ta a mayar daga baya. Ya ce inji da ƙofofi da kujeru za su fita, amma gangar jikin guda ce, sai dai a yanka. Ta huɗu ke nan, kuma ita kaɗai ta rage.

Na faɗa a gaban Inna da Yaya bayan sallar la'asar. Yaya ya ce a ɗauki Fara, a ɗauki koriyar, a ɗauki duka ukun. Na ce ba a ƙarƙashinsu geron yake ba. Ya ce ganye nawa ne ma, ƙila akuya ta cinye su gobe, a yi asarar biyu. Na ce haka ne, ƙila. Ya ce wannan motar ita ta ɗauke shi daga yaron gida ta mayar da shi mutum, a kujerarta ya koyi yadda ake magana da manya, a cikinta ya kai ubangidansa asibiti tafiyar da bai dawo ba. Na jira Inna ta ce in gaya masa wani abu. Sai ta juya ta dube shi, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo.

"Kai," ta ce. "Ni ban san mota ba. Na san shekarar da nake goyon ƙanenka ruwa ya ɗauke, gajere ne ya hana ni binne ku. Ba zan ce ka yi ba, ba zan ce ka bari ba. Kai ne babba."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Can Yaya ya ciro makullin daga wuyansa ya ajiye a tabarma, ba a hannuna ba.

"Kai za ka kira maƙeran," ya ce. "Ni bakina ba zai iya ba. Kuma ba na nan za a yi."

Da safe ya tafi Zakirai wajen wani abokinsa. Kafin in fita Inna ta kira ni ta ce dalilin kada ya fita daga gidan nan. Ba ta yarda a riƙa nuna ɗanta a kasuwa ana cewa ga wanda ya gasa iri a mota ba, domin irin wannan suna ba ya barin mutum har jikokinsa. Na ce to. Abin da gari ya gani ke nan: babban wa ya yi tafiya, ƙane ya shigo da maƙera.

Ɗanladi maƙeri ya zo da mutanensa da guduma da zarton ƙarfe. Na hana su sa wuta, na hana su tsayawa ta baya, na shimfiɗa musu katako inda za su taka. Ɗanladi ya tambaye ni ko aljani ne a ƙarƙashin, na ce ya yi aikinsa. Suka fara daga rufi suka yi ƙasa. Ƙarar tana kaiwa har masallaci, mutane suna zuwa su tsaya su yi kallo su tafi da abin faɗa. Ɗanladi yana sara yana yaba ƙarfen, yana cewa bai taɓa samun mai kyansa ba, za a ƙera garemanin noma da shi har a gaji. Kujerar baya kaɗai na hana su, na sa aka kai ɗakin Yaya. Da aka ɗage ƙashin ƙarshe, na kafa zana na yi wa gyauron rumfa, ina janye ta kaɗan-kaɗan kowace rana don kada hasken ya kashe su gaba ɗaya. Duk da haka fiye da rabi sun mutu. Na kewaye sauran da ƙaya, uwarku tana ba su ruwan rijiya idan sama ta yi shiru.

Yaya ya dawo bayan an kwashe komai. Bai bi ta bayan gida ba. Wankin Juma'a ma ya daina, sauran ukun suka zauna ƙura tana hawa. A masallaci wasu suka daina ba ni hannu da kyau, wani dattijo ya tare ni ya yi mini wa'azi a kan hassada tsakanin 'yan'uwa, na tsaya na saurara har ya gama. Ruwa ya sake ɗaukewa da wuri. Geron Nomau ya tsaya a bununi, abin da muka samu bai kai mu tsakiyar rani ba. Awaki suka tafi, kwanukan uwarku suka tafi, ni na yi ci-rani a birni ina dako da shekaruna. Ba zan tsawaita wannan ba, na gaji da shi tun a lokacin.

Amma 'yan karan bayan gida sun nuna. Na yanke su da hannuna, na ɗaure, duka-duka ɗan dami ne da za a riƙe da hannu ɗaya. Babba ake fara nuna wa iri, saboda haka na kai wa Yaya a zaure. Ya karɓa ya ɗaga yana jin nauyinsa.

"Shi ke nan duka?"

Na ce shi ke nan.

"Haruna, ƙofarta ɗaya ta fi wannan nauyi."

Ya murza zangarniya ɗaya, ƙwayoyi suka zubo a tafinsa, ya duba su, bai kai ko ɗaya baki ba. Ya juye mini su a hannu, ya miƙo damin, ya ce in rataye shi inda iska take shiga.

Daga wannan ɗan damin aka sake tara gajere, kaɗan-kaɗan, sai da aka yi damina da yawa kafin ya isa gandu, kafin kuma a yarda a daka shi. Ranar da aka fara tuƙa tuwonsa an kai wa Yaya kwanonsa kamar kullum. Ya ci gaba da cinsa har ya rasu. Bai taɓa cewa ya yi daɗi ba, bai kuma taɓa ture kwanon ba.